Gashin Zomo da Ruwan Randa

"Lafiya lau, sai kewar mutanen kirki. Kai kuma ya gidan naka da babu kowa a ciki?"

Da haka Kaka Rabi'a ta amsa gaisuwar Jinaidu tun bai gama jingine kekensa a bakin zaure ba. Hantsi ne, cikin daminar 1974, kwana huɗu da dawowata Kontagora hutu daga Zariya. Ina gindin lemo ina tsintar shinkafa. Kaka tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa, sandarta a gefe. Can a madafi Lauratu, matar babban yayanmu Abdulƙadiri, tana dama kunun gyaɗa, ɗanta Lukuman mai shekara biyu yana bin 'yan tsaki.

Jinaidu yayana ne, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, bai taɓa aure ba. Shi da Kaka ba su taɓa rabuwa ba tare da sun yi tsiya ba. Ni ma jikarta ce, amma bakina bai taɓa iya wannan wasan ba.

"Gidana lafiya, matata. Ga aikenki."

Kaka ta kwance ƙunshin ganyen da ya miƙo mata, ta ɗaga ƙwaya ɗaya ta duba a rana.

"Wannan goro ne ko gujiya?"

"Daidai haƙoranki na sayo. Biyu suka rage miki, su ma ba sa zumunci. Ɗaya yana Rijau, ɗaya yana Kasuwan Garba."

"Haƙoran nan biyu sun ci naman da ubanka bai taɓa gani ba."

"To yanzu sai dai turmi ya taya su."

"Ka ji miji. Kowace mace mijinta yana shigo mata da atamfa, ni nawa da goron da tsutsa ta ci ta rage."

"Atamfa ga wadda ta sayi likkafaninta tun kafin Turawa su tafi? Shekara goma sha huɗu yana cikin akwati yana jiranki. Alawayyon ma ya gaji da jira."

"Zai jira. Na ce sai na ga aurenka, ka ga kuwa babu rana."

Ba ta rufe baki ba muka ji ƙarar faifai ya faɗi, sai kuka. Lauratu ta sauke kunun ta juya ɗauko ludayi, Lukuman kuwa ya tura hannunsa na dama cikin ƙwaryar har wuyan hannu.

Lauratu ta yi taku biyu, ta tsaya cak. Lukuman ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle a gaban kakar mijinta. Ta juya fuskarta ga bango, ta ce da ƙaramar murya, "Yaron nan ya taɓa kunu."

Ni na sure shi na kai shi gindin randa. Na wanke kunun, na shiga zuba masa ruwa da moɗa a hankali. Wata malamar jinya ta taɓa koya mana a makaranta: ruwa mai sanyi, a yi ta zubawa har minti ashirin, kada a shafa komai. Hannun ya yi jawur. Yana fizgewa, ina riƙewa.

"Safiyatu," in ji Kaka, "cire masa hannu daga ruwan nan. Ruwa shi ke sa ƙuna ta tashi."

"To, Kaka."

Na ci gaba da zubawa.

"Kai Jinaidu, hau kekenka ka je wajen maharba a kasuwa, ka sayo min gashin zomo. Yanzu-yanzu."

A gidanmu maganin ƙuna ke nan tun kafin a haife mu: a tsige gashin zomo a manna a kan ciwon. Gashin yakan kama naman, ciwon ya ruɓe a ƙarƙashinsa. In a yatsu ne, sai su warke a haɗe. Hannun dama ne, wanda zai ci tuwo da shi, ya riƙe alƙalami da shi. Kuma duk gidan nan babu mai cewa Kaka a'a, sai mai iya faɗa mata cikin wasa.

Jinaidu ya zo ya tsuguna kusa da ni kamar mai duba yaron.

"Minti ashirin," na ce masa a kunne. "Kada ta taso. Kada a shafa komai."

"Ashirin da Kaka? Gara ki ce in tare kogi da faifai."

Ya dubi agogon hannunsa. Ya miƙe, ya bi ta gaban tabarma, ya ɗauke sandar Kaka ya saɓa a kafaɗa.

"To matata, zomon wane iri? Namiji ko mace?"

"Ina ruwan ƙuna da namiji ko mace? Wuce."

"Na gida ko na dawa?"

"Na dawa. Ba ni sandata."

"Fari ko mai ruwan toka? Kada in sha rana in dawo ki ce na gafiya aka ba ni. Kin ga abin da kika yi wa goro."

"Jinaidu, yaro yana kuka kana min lissafin zomaye?"

"Ai kekena ne babu iska."

"Yanzu ka sauko daga kansa."

"Nauyin goronki ya fasa tayar."

"Goron da ko kiyashi zai ɗauka? Ba ni sandata na ce."

"Sandar nan gadona ce. Gwadawa nake in ga ko za ta yi min tsawo."

"Za ka ga tsawonta a gadon bayanka. Safiyatu, ba magana na yi miki ba?"

"To, Kaka."

Lukuman yana ta tsala ihu. Moɗa ta fara kartar gindin randa, ruwan ya kusa ƙarewa. Na ɗaga kai zan yi wa Jinaidu alama, sai ga Lauratu da guga cike. Ta juye a randa ba tare da ta dubi inda muke ba.

"Randar ce ta yi ƙasa," ta ce, ba da kowa take ba. Ta koma bakin rijiya, tafiyar tata ba gudu ba ce, amma ba ta da nisa da gudu.

Kaka ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ta koma ta zauna.

"Tun da na auri malalaci, a ɗauko min ƙwai. Akwai uku a cikin ƙwaryar gero, ƙarƙashin gadona. A fasa masa ɗaya a kai."

"Ƙwai uku na cikin gero?" Jinaidu ya dafe kai. "Allah ya jiƙansu. Jiya da yamma, da shayi."

"Ɓarawo."

"Miji ba ya sata a ɗakin matarsa. Dubiya na je."

"To manja. Lauratu, miƙo kwalbar manja da ɗan gishiri."

Lauratu tana bakin rijiya, ta duƙar da kai tana ja kamar ba ta ji ba.

"Ƙwai, manja, gishiri," in ji Jinaidu yana lanƙwasa yatsu. "Saura albasa da barkono. Tsohuwa, yaron nan jinya za ki yi masa ko suya? In yunwa kike ji ki faɗa, kunu yana nan."

"Kai ne za a soya, mai wuya kamar na zalɓe."

"Zalɓen nan kika gani kika maƙale."

"Na rasa ne. Wanda ya rasa tuwo ai ya ci ƙanzo."

Ya saci kallon agogo, ya nuna min yatsu takwas a bayan rigarsa. Minti takwas kawai aka yi. Hannuna ya fara sagewa da riƙon yaron. Sannan na lura wuyan hannun yana kumbura, igiyar layar da ke ɗaure a wurin ta fara nutsewa cikin fata. Na nuna masa da ido. Ya zaro ɗan almakashinsa na aiki daga aljihu.

"Me za ka yi da almakashi?" in ji Kaka.

"Aski."

"Kada ka taɓa layar nan. Da hannuna na ɗaura ta ranar suna."

"Wa ya ce zubar da ita zan yi? Canjin wurin aiki za a yi mata, daga hannu zuwa ƙafa. Ko Di'o na gwamnati ana ɗauke shi daga nan a kai shi Bida."

"Laya ce Di'o?"

"Ta fi shi. Shi ana ganin abin da ya rubuta."

Ya datse igiyar, ya ƙulla ta a idon sawun Lukuman, ya ɗaga ƙafar ya nuna mata.

"Ga ta nan ta kama aiki. In ta yi ƙoƙari a ƙara mata girma zuwa wuya."

Kaka ta harare shi. Ta ɗauki goro ɗaya ta jefe shi, ya cafe ya jefa a baki.

"Marar kunya. Kai wa ya warkar da kai? Ranar da ka faɗa murhu kana rarrafe, uwarka ta ruga ɗaki ta ɓuya, asibiti aka kai ka? Ba gashin zomon nan na manna maka ba?"

"Shi ne." Ya naɗe hannun rigarsa na hagu. Tun daga dantse har gwiwar hannu fatar a tattare take kamar tsohuwar jaka. "Ga aikinki. An ce wata uku ina wari, karnukan unguwa suna raka ni."

"Ka mutu?"

"Ban mutu ba. Amma miƙe min hannun nan in kin isa."

"Me za ka yi da shi a miƙe? Roƙo?"

"Lokacin yaƙi na je ɗaukar soja. Aka ce kowa ya ɗaga hannu biyu sama. Na kowa ya tafi sama, nawa ɗaya ya tsaya a kunne kamar mai kiran salla. Sajan ya ce in koma gida."

"To ka durƙusa ka gode min. Da yanzu kana kwance can Kudu, ciyawa ta rufe ka. Zomo ne ya cece ka, ɗan butulci."

Ko ni sai da na kusa yin dariya. Wannan karon ta kayar da Jinaidu, kuma ta sani. Ta dafa bango ta miƙe ba sanda, ta fara takowa, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙugu.

"Tun da babu mai aikuwa a gidan nan, ni zan cire shi da kaina."

Jinaidu ya sha gabanta. Ta yi dama, ya yi dama. Ta yi hagu, ya yi hagu.

"Rawa za mu yi, amarya? Bari in kira makaɗa."

"Kauce."

"Ranar bikinmu ma ba ki yi wannan takun ba."

"Kauce, Jinaidu. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ai ban hau rimi ba, hannuna kawai na duba." Muryarsa ta sauka kaɗan. "Kaka, ni gwiwar hannu ce, riga tana rufe min. Shi yatsu ne. In suka manne, da me zai ɗauki allo? Da me zai miƙo miki goro in na sake ki?"

Kaka ta tsaya. Ta dubi tabon, ta kawar da kai.

"Tsohuwar zuma da ita ake magani," ta ce, amma ba da ƙarfin ɗazu ba.

"Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Kai ne karen?"

"Ga ni. Haushi kawai na iya, cizon yana wajen waccan."

Lauratu ta sake wucewa da guga, ta juye, ta koma. Zanenta ya jiƙe har gwiwa. Na daina ƙirga zuwanta tun a na shida.

Kaka ta ture Jinaidu da gwiwar hannu ta ƙaraso gindin randa. Na sunkuyar da kai, amma ban daina zuba ruwan ba. Lukuman ya bar ihu, sai ajiyar zuciya yake yi, yana bubbuga ruwan da ya taru a ƙasa da ɗaya hannun. Jan ya ragu. Bororo biyu sun taso a bayan hannun, ɗaya a kan ɗan yatsa.

"Kun gani ko? Ba na ce za ta tashi ba?" Ta laluba ɗankwalinta ta zaro allura. "Riƙe min shi in tsiyaye ruwan."

Na dubi Jinaidu. Yana kallon agogo.

"Kaka, a bar shi," na ce. "Fatar nan ita ce murfin ciwon. In aka huda, datti zai shiga."

Kaka ta juyo ta dube ni.

"Ashe tana magana," in ji Kaka. "Jinaidu, ka ji? Shekara uku a Zariya, an dawo mana da ban-ruwa. Da lambu muka kai ta da tuni mun ci tumatir."

"Ai shukar ta kama, duba ki gani. Da kika manna min gashi, awa nawa na yi ina kuka?"

"Kai har yau ba ka daina ba."

Ta tsaya da allurar a hannu tana kallon yaron. Lukuman ya ɗago ya kama bakin zanenta da hannun hagu. Ta mayar da allurar cikin ɗankwali.

"Ashirin da biyu," in ji Jinaidu. Ya share gumi. "Wallahi gyaran agogo goma ya fi wannan sauƙi."

"Agogon wa ka ɗauro yau?" in ji Kaka.

"Na alƙali ne. In ya yi ƙarya a kai shi kotu."

Na ajiye moɗa. Na ce ana bukatar ƙyalle mai tsabta a rufe hannun sakwa-sakwa, sannan a kai shi asibiti su duba, saboda yatsun. Jinaidu ya zaro hankicinsa, baƙi ƙirin da man agogo.

"Wannan ko jaki aka ɗaura wa sai ya kai ƙara," in ji Kaka.

Na duba igiyar shanya. Ruwan daren jiya ya jiƙa komai, wasu zannuwan ma sun faɗi cikin taɓo. Nawa kayan duk na sa su a hanya. Kowa ya shiga waige-waige.

Kaka ba ta waiga ba. Lauratu take kallo. Randa ta cika tana tumbatsa, amma Lauratu ta zo da wani gugan tana juyewa, ruwa yana bin ƙafafunta. Ta ba mu baya. Igiyar guga ta saɓule mata tafin hannu, kafaɗunta suna rawa.

"Ba ni sandata," in ji Kaka.

"Ki yi rantsuwa tukuna."

"Ba dukanka zan yi ba. Ba yau ba."

Ya miƙa mata daga nesa. Ta shiga ɗaki. Muka ji ta ja akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ƙwaryar gero ta kife, ta yi wa Jinaidu addu'ar da ba zan rubuta ba. Can ta fito da farin alawayyo a naɗe, sabo fil, ko ninkin kanti bai baje ba.

Jinaidu ya daina murmushi.

"Kaka, wannan ai..."

"Rufe min baki. Tun da na saye shi hannu bai taɓa shi ba. Akwai abin da ya fi shi tsabta a gidan nan?"

Ta warware gefe ɗaya, ta kama bakin da haƙoranta, ta keta. Ƙarar ta cika tsakar gida. Ta miƙo min kamu guda.

"Ka ga aikin na Rijau da na Kasuwan Garba? In sun so zumunci suna yi."

Na yage 'yan siraran ƙyallaye na sa tsakanin yatsun don kada su haɗu, na naɗe hannun ba tare da na matse ba. Lukuman ya bi farin ƙyallen da kallo kamar an ba shi kyauta.

"Ke Lauratu," in ji Kaka. "Ajiye gugan nan kafin ki ƙafar mana da rijiya. Zo nan."

Lauratu ta zo ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Wannan ba ɗanki ba ne, kin ji ko? Ƙaramin mijina ne. Babban ya zama abin da kika gani, wannan nake tattali. Bayana ya mutu, aron naki nake yi. Goya min shi ki kai min shi asibiti. In ya yi kuka a hanya ki lallashe shi, ni na sa ki. Safiyatu ta raka ki, tun da yau bakinta ya buɗe."

"To, Kaka," in ji Lauratu.

Ta juya baya, na ɗora mata shi. Ta ja zanen goyo ta ɗaure, ta gyara hannun mai ƙyalle a kan kafaɗarta don kada ya gogu. Da ta zo yafa mayafi na ga ta kai hannu baya ta shafa ƙafarsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Kaka ta ga abin, ta juya tana neman goronta a kan tabarma.

Jinaidu ya jawo kekensa.

"Bari in riga ku in karɓo kati."

"Au, tayar ta warke?"

"An zuba mata ruwa minti ashirin."

"Allah ya shirye ka. Ungo." Ta zaɓi goro mafi girma cikin ƙananan ta cilla masa. "Ladan haushi."

Ya cafe. Ya kai bakin zaure, ya tsaya, ya dubi sauran alawayyon da ke kan cinyarta tana ninkewa.

"Matata, kin san yanzu ya gajarce. Ranar da aka naɗe ki ƙafafunki za su leƙo waje."

Kaka ta auna ƙyallen da kamu, ta dubi ƙafafunta, ta sake dubansa. Sai ta kwashe da dariya har haƙoran nan biyu suka bayyana.

"To na fasa."